"Muna da Bakof": Yaushe Aka Gwada Dawo da Shi?

Tun da ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayyar Najeriya ya sanya ranar 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil ɗin takarda, ake ta ja-in-ja. Wasu sun ce gara haka, ko ba komai gara da ɓera sun daina cin takardun fansho, kuma fayil ya daina ɓacewa a hannun masinja. Wasu kuma na tsoron ranar da za a wayi gari a ce kwamfuta ta haɗiye komai. Duk lokacin da aka taso da wannan fargaba, amsa ɗaya ake bayarwa, cikin murmushi: "Ranka ya daɗe, ai muna da bakof." Wato kwafin bayanan da aka ajiye a gefe.

Masu fargabar suna da hujja. A ranar 26 ga Satumba, 2025, batiri ya kama da wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Fiye da ayyukan gwamnati 600 da ake yi ta intanet suka tsaya. Ma'ajiyar G-Drive, inda ma'aikatan gwamnati ke zuba takardun aikinsu, ta ƙone da terabait 858 na bayanai, kuma ba ta da kwafi a wani wuri, wai saboda ta yi girma da yawa. Wannan fa ƙasar Samsung ce. Amma nasu laifin a fili yake, ba su ajiye ba. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya yi imanin ya ajiye, yana barci da munshari, alhali bai taɓa buɗe ajiyar ya ga abin da ke ciki ba.

Yawancin sabobin da bankuna da jami'o'i da ma'aikatu ke aiki da su a yau ba ƙarfe ba ne da za ka dafa da hannu. Babbar na'ura ɗaya ce ake raba ƙarfinta da manhaja irin VMware ko Hyper-V ko Proxmox, sai ta ɗauki kwamfutoci masu yawa a cikinta: wannan ta albashi, waccan ta imel, ɗayar ta rajistar ɗalibai. Su ne masu sana'ar ke kira VM. Kowace VM, idan aka bi ta ƙasa, 'yan fayiloli ne kawai a kan faifan ajiya. Wannan ne ya sa kwafe ta ke da sauƙi, kuma shi ne ya sa goge ta ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Ruɗani na farko, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne ɗaukar sinafshot a matsayin bakof. Matashin injiniya zai danna maɓalli ɗaya kafin ya sabunta manhaja, cikin daƙiƙa kaɗan allo ya nuna an gama, sai ya rubuta a rahoto cewa an adana. Ya kamata saurin ya sa shi zargi: ta yaya gigabait 500 za su kwafu kafin ya kurɓi shayi? Ba abin da aka kwafa. Abin da na'urar ta yi shi ne ta daskarar da ainihin faifan, ta buɗe wani ƙaramin fayil a gefensa, ta riƙa rubuta duk sabon canji a ciki.

Ka ɗauki mai kanti da littafin bashi. Ranar Juma'a ya ja layi a ƙarƙashin shafi, ya ce daga yau ba zai ƙara taɓa littafin ba, sai ya soke 'yar takarda a bangonsa yana rubuta abin da ya biyo baya: wane ya ƙara ɗari biyar, wance ta rage dubu. Idan ya yi kuskure, sai ya yaga takardar ya koma kan layin Juma'a, kuma amfanin sinafshot ke nan, ba ƙarami ba ne. To amma idan littafin ya faɗa kwata fa? Takardar ta ce wane ya ƙara ɗari biyar. A kan nawa? Ba ta sani ba. Galibi ma tare za su faɗa, tunda a jikinsa take. Kamfanin VMware da kansa ya daɗe yana gargaɗin cewa sinafshot ba bakof ba ne, har ya ba da shawarar kada a bar guda ɗaya ya wuce sa'o'i 72, domin fayil ɗin canjin yana ta kumbura har ya cika faifai ya tsayar da aiki.

Ruɗani na biyu shi ne kwafi na gaskiya, amma a ɗaki ɗaya da asalin. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu abokan cinikinsa da ke biyan kuɗin bakof sai a ranar suka gano cewa kwafin nasu yana wuri ɗaya da sabobin da suka ƙone. Masu garkuwa da bayanai ma sun gane wannan lagon. A watan Fabrairun 2023, harin da aka yi wa laƙabi da ESXiArgs ya kulle dubban sabobin VMware a faɗin duniya, ta wata ɓaraka da aka fitar da maganinta shekara biyu kafin nan. Irin waɗannan ɓarayi idan sun shiga, bakof suke fara nema su lalata, domin sun san mai kwafi ba ya biyan kuɗin fansa. Ko manyan kamfanonin girgije ba su tsira ba: a watan Mayun 2024, wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge muhallin VM na UniSuper, asusun fansho na Ostareliya mai mambobi sama da 600,000. Kwafin da ke wajen wannan muhallin ne ya fitar da su, duk da haka sai da aka kusa mako biyu ana gyara.

Wannan ne dalilin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Yanzu ana ƙara cewa ɗaya ya zama a katse daga layi, ko a kulle shi yadda ko shugaban sashen kwamfuta ba zai iya goge shi ba sai wa'adinsa ya cika. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ga amfanin katsewar ba da niyya ba. Lokacin da cutar NotPetya ta afka masa a watan Yunin 2017, ta shafe sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kusan 150, waɗanda kowace ke zaman madadin 'yar'uwarta. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, ɗaya ce tak ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin. Sai da aka ɗauko faifan zuwa Najeriya, wani ma'aikaci ya karɓa ya wuce da shi Ingila. Sa'a ce, kuma ba a rubuta sa'a a kasafin kuɗi.

To a ce duk an kiyaye wannan. Saura babbar tambaya: kwafin yana tashi? Labarin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya isa darasi. Daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyansu da gajiya ta kama ya goge rumbun bayanai a kan sabar da ke aiki, yana zaton ta madadin ce. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Suna da hanyoyin kariya har biyar, amma da aka juya gare su babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Manhajar da ke kwafe rumbun tsohon zubi ce, 9.2, rumbun kuwa 9.6 ne, don haka kullum tana faɗuwa. Tana aika saƙon imel cewa ta faɗi, amma saƙon ba ya isa ga kowa. Ma'ajiyar da ake zaton cike take, wayam. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'o'i 6 kafin nan don wani gwaji. Dawo da shi ya ci kimanin sa'o'i 18, kuma abin da aka shigar cikin waɗancan sa'o'i 6 ya tafi. Ba su rasa kuɗi ko ƙwararru ba. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya da aikinsa ne ya gwada.

Gwajin ba tsafi ba ne. A zaɓi VM ɗaya daga kwafin jiya, a tashe ta a keɓantaccen layi inda ba za ta yi karo da mai aiki ba. A jira ta kunnu. Kunnuwa kaɗai ba ta wadatar ba, domin idan an kwafe faifai yayin da rumbun bayanai ke tsakiyar rubutu, na'urar na iya tashi lafiya amma lissafin cikinta a karye. Shi ya sa ake sa wata 'yar manhaja a cikin VM da ke umartar rumbun ya kammala abin da ke hannunsa kafin a ɗauka. Don haka a kira akanta, ba injiniya ba, ya shiga da kalmar sirrinsa, ya buɗe albashin watan jiya, ya duba ko jimillar ta yi daidai da wadda ya sani. Manhajoji irin Veeam suna iya yin wani ɓangare na wannan da kansu, Proxmox kuma yana bin kwafi ya tabbatar bai ruɓe ba, amma koren maki a allo shaida ce kawai cewa fayil ya isa inda aka aika shi.

A kuma riƙe agogo. Terabait 10 a kan layin intanet mai gudun megabit 100 zai ci fiye da kwana 9 kafin ya sauko, in ba a ɗauke wuta ba, in kuma layin bai yanke ba. Asibiti zai iya jiran kwana 9? A wurin gwaji ne ake gano sauran abubuwan ban haushi: mabuɗin buɗe kwafin yana cikin sabar da ta mutu, ko manhajar bakof ɗin ita ma VM ce a kan na'urar da ta ƙone, ko wanda ya san kalmar sirri ya bar aiki bara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa ba a yin gwajin ba ɓoyayye ba ne. Sayen saba kwangila ce, akwai yanka kirtani da ɗaukar hoto. Gwajin dawo da bayanai kuwa yini guda ne na zama a ɗaki mai sanyi, babu wanda zai yaba, kuma yana iya tona asirin cewa kayan da aka kashe wa miliyoyi ba sa aiki. Amma doka ma ta yi magana a kai. Sashe na 39 na Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ya lissafa, cikin matakan tsaron da ake so mai riƙe da bayanan jama'a ya ɗauka, iya dawo da su a kan lokaci bayan hatsari, da kuma gwada matakan a kai a kai.

Saboda haka, babban sakatare, shugaban jami'a, manajan banki, mai asibiti: idan an ce maka "muna da bakof", kada ka ce madalla ka wuce. Ka nemi a nuna maka takardar da ke ɗauke da ranar da aka dawo da wata VM daga kwafi, sa'o'in da aikin ya ci, da sa hannun wanda ya buɗe ta ya duba. Idan babu wannan takarda, a sa ranar gwaji cikin wannan watan.