Ƙwayoyin halitta masu cin wutar lantarki

Rana dukiya ce da Allah ya hore ma Nijar. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya gane haka tun da wuri. Daga 1969 zuwa 1985 shi ya shugabanci ONERSOL a Yamai, ma'aikatar binciken ƙarfin rana. A 2023 kuma tashar Goru Banda, mai megawat 30, ta soma ba birnin wuta daga hasken rana. Amma da sauran rina a kaba: lantarki ba hatsi ba ne, ba ya shiga rumbu. In rana ta faɗi sai batir, batir kuwa tsada gare shi, zafin ƙasarmu kuma yana saurin kashe shi.

To, masana sun samo mataimaka cikin laka. A 1987 wani masanin Amurka, Derek Lovley, ya gano wata ƙwayar halitta a ƙarƙashin kogin Potomac, aka sa mata suna Geobacter. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Da tsatsar ƙarfe take numfashi, kamar yadda muke numfashi da iska. A 2005 aka bayyana cewa tana da zarurruka masu ɗaukar wuta tamkar waya, waɗanda gashin kai ya fi su kauri sau dubbai. A 2020 aka sauya gadon halittar wata ƙwaya mai saurin hayayyafa, E. coli, ita ma ta riƙa saƙa irin wannan waya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ƙwayoyin da lantarki ke ciyarwa. A 2017, a jami'ar Harvard, an raba ruwa da lantarki, aka ciyar da wata ƙwaya da iskar da ta fito, ita kuwa ta jawo sinadarin taki daga sararin sama. A 2024 aka buɗe masana'anta a ƙasar Finlan mai yin garin abinci ta irin wannan hanya. Ke nan wuta ta zama abin zubawa a buhu.

Jama'a, yawancin aikin nan yana ɗakin bincike, kada manomi ya sa rai da shi daminar bana. Amma ƙasa irin tamu, wadda takin zamaninta sai ya keto dogayen hanyoyi daga bakin teku, bai kamata ta tsaya kallo ba. Rana muna da ita. Saura hukuma ta tallafa ma ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, su ɗora daga inda ya tsaya.