Manhaja Biyu A Kwamfuta Ɗaya: Darasin Da Ɗalibina Ya Koya Mini

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa babbar manhajar Windows 10. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ta tsufa, ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, kuma kowa ya san abin da albashin malamin jami'a zai iya saya. A cikinta kuwa akwai muryoyin tsofaffin da na naɗa a ƙauyuka sa'ad da nake nazarin karin harshe. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, don haka idan muryoyin suka salwanta, sun tafi ke nan.

Abokan aiki suka ba ni shawarar komawa Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kyauta ake samun ta, kuma kowa na da damar duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba. Na zaɓi nau'in Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sunan kuma daga harsunan Zulu da Xhosa yake, da ma'anar mutuntaka. Manhajar Praat da muke auna sautin magana da ita tana aiki a kansa. Amma takardun sashe da na mujallu sun saba da Windows, saboda haka na ƙudurta in ajiye su biyun, kowace da ɗakinta.

Makonni na yi ina jinkiri, domin wanda ya san aikin ɗalibina ne, ni kuma ina jin nauyin a ce Dakta ya zauna gaban yaronsa yana ɗaukar karatu. Daga baya na tuna cewa girman kai rawanin tsiya ne, na kira shi ofis.

Da ya zo bai taɓa kwamfutar ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kwafin aikinka yake?" Na ce babu. Ya ce, "To, Malam, yau kwafi za mu yi. Gobe ma rana ce." Muka kwashe komai zuwa wata ma'adana ta waje, ya sa na buɗe muryoyin daga can na saurara, don mu tabbatar sun kwafu lafiya.

Washegari ya miƙo mini kwamfutar, ya ja kujerarsa baya, ya ce ni zan danna komai da hannuna. Muka fara duba ko ma'adanar tana kulle da BitLocker, domin in haka ne dole a adana lambobin buɗe ta tukuna. Muka kashe tsarin saurin tashi na Windows, wanda ke hana ta rufe ma'adana gaba ɗaya. Sannan daga cikin Windows ɗin muka rage kasonta, muka bar fili. Muka tashi kwamfutar daga filas mai ɗauke da Ubuntu, muka gwada sauti da intanet ba tare da an girka komai ba. Ya kuma ƙi yarda mu ci gaba sai da batir ya cika, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar rabon ma'adana kan jawo asara.

Wuri mafi haɗari shi ne inda ake tambaya: a girka Ubuntu kusa da Windows, ko a share ma'adanar duka? Zaɓi biyu ne a jere, kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya cinye aikin shekaru. Sau uku ya sa na karanta kafin in danna. Da muka gama, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB ta bayyana, tana tambaya ta wace ƙofa zan shiga. Daga bisani na lura agogon Windows yana komawa baya da awa ɗaya. Ya bayyana mini cewa Linux tana ajiye agogon na'ura bisa lokacin duniya, Windows kuma bisa lokacin gida, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Cikin minti biyu muka daidaita su. Na kuma tarar da tsarin allon rubutu na Hausa, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ.

Mai karatu, da yawanmu idan kwamfuta ta gagare mu, shago muke kai ta, a gyara a bayan idonmu, mu biya, mu dawo da jahilcinmu. Taimakon da ya dace da wannan aiki shi ne wanda zai bar ka kana iya maimaita shi. Don haka idan za ka nemi mai taimako, duba ko zai fara tambayar ka kwafin aikinka, kuma ko zai bar ka ka riƙe linzamin. In bai yi haka ba, nemi wani.

Ina kira ga jami'o'inmu su ware rana guda a kowane zango, inda ɗalibai masana za su zauna da malamai da ma'aikata su koya musu wannan aiki. Kwamfutoci masu sauran amfani suna nan jibge a ofisoshinmu. Ni dai tawa tana aiki, muryoyin tsofaffina suna nan, kuma a makon jiya ni na zauna kusa da wata abokiyar aiki, na ce mata, "Hajiya, ina kwafin aikinki?"

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.