Makaɗin Da Ya Ƙi Rufe Wa Yara Ƙofa

A Washinton, babban birnin ƙasar Amurka, akwai wani mutum ana ce da shi Ian MacKaye, wanda aka haifa cikin 1962. Sana'arsa kiɗa ne, irin wanda Turawa ke kira pank, watau kiɗan samari mai ƙara da sauri, na jita da ganguna, wanda yawancin waƙoƙinsa kuka ne da halin zaman duniya. Mu dai kunnenmu bai saba da shi ba, ba kuwa daɗinsa ya sa muka kawo labarin ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda mutumin nan ya yi fiye da shekara 40 cikin sana'ar, bai yarda a hana yaro shiga wasansa ba.

Ga asalin maganar. A can yawancin gidajen kiɗa da cinikin giya su ke rayuwa, doka kuwa ta hana sayar wa yaro, saboda haka masu gidajen sai su kori yara tun daga bakin ƙofa. Cikin 1980 MacKaye da abokansa, masu ƙungiyar Teen Idles, suka tafi San Faransisko yin wasa. Aka ga shekarunsu ba su kai ba, amma maimakon a kore su, sai aka zana musu alamar X a bayan hannu domin mai sayar da giya ya gane su. Da suka komo gida suka roƙi masu gidan kiɗa na 9:30 su bi wannan dabara, aka kuwa yarda.

A ƙarshen shekarar ƙungiyar ta watse, ta bar dala 600 a asusu. Sai shi da abokinsa Jeff Nelson suka buga faifai 1,000 da kuɗin, suka yanke bangwayen suka manna da hannunsu. Mafarin kamfanin Dischord ke nan, wanda ya tsaya ga buga faifan makaɗan Washinton da kewayenta, ba da rubutacciyar yarjejeniya ba, sai alkawari na baki.

Amma inda halinsa ya fi fitowa shi ne zamanin ƙungiyar Fugazi, wadda ta fara wasa cikin 1987. Shi da kansa ya ke shirya wasanninsu ta wayar tarho, ba dillali a tsakani. Sharaɗinsa ga kowane mai gida biyu ne: a bar kowa ya shiga komai ƙanƙantar shekarunsa, kuɗin ƙofa kuma galibi kada ya wuce dala 5. In mai gida ya ƙi, sai su nemi ɗakin taron unguwa ko na coci. A haka suka yi wasa fiye da sau 1,000, a dukan jihohin Amurka 50 da ƙasashen waje. Ko rigar da ke ɗauke da sunansu ba su sayarwa, alhali nan ne sauran makaɗa ke samun riba mai yawa. In kuwa wani ƙato ya shiga ture mutane a tsakar fili, sai MacKaye ya tsai da kiɗa, ya yi masa magana a gaban jama'a. In ya ƙi ji a mayar masa da dalarsa 5, a nuna masa hanya. Duk malamin da ya taɓa riƙon aji mai yaro 40 ya san wuyar wannan. Wasu sun ce ya cika wa'azi, sun biya kuɗinsu ne su ji kiɗa. Lalle akwai gaskiya a ciki, amma mu muna ganin yaron da aka tsare wa haƙarƙari ba zai ce haka ba.

A garinsu kuwa wasanninsu ko dai kyauta ne, kamar na filin Fort Reno, ko na tara kuɗin taimako, sau da yawa tare da ƙungiyar Positive Force wadda aka kafa cikin 1985, a ba dakunan shan magani na talakawa da marasa wurin kwana.

Fugazi ta dakatar da wasa cikin 2003. MacKaye ya ci gaba da kiɗa tare da matarsa Amy Farina. Cikin 2011 kuma Dischord ta fara sa sautin tsofaffin wasannin Fugazi a intanet, daga cikin fiye da 800 da aka ɗauka, kuɗin da aka yanka wa kowane ɗaya dala 5.