Sabbin Gwaje-gwajen Sankarar Furostet da Dattawan Sérou

Sankarar furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce sankarar da ta fi kama maza a Afirka ta Yamma. A shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashen cewa masu kamuwa da ita a duniya a kowace shekara za su ƙaru daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, galibi a ƙasashe masu tasowa. Masu bincike kuwa sun daɗe da duƙufa neman hanyar gano ta daga jini ko fitsari.

Tushen wannan yunƙuri shi ne raunin gwajin jini na PSA, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi tantancewa da shi a 1994. Kumburin furostet na tsufa ko ƙwayar cuta ma kan ɗaga sakamakonsa. Don haka maza da yawa kan sha allurar gutsuro nama, da zubar jini da zazzaɓi, daga baya a ga ba sankara ba ce. A 2012 aka amince da gwajin PCA3 na fitsari da PHI na jini. Wasu kuma, kamar 4Kscore da ExoDx, suna ƙoƙarin bambance sankara mai saurin kisa da mai tafiyar hawainiya.

Ga mutumin Sérou, a ƙaramar hukumar Djougou ta ƙasar Benin, amfanin a fili yake. Fitsari a kwalba zai iya zuwa asibitin koyarwa na Parakou ba tare da dattijo ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 ba. Sannan kunyar gwajin yatsa ta dubura, da ke hana maza da dama zuwa asibiti, za ta ragu.

Sai dai akwai cikas biyu. Na farko, an fi gwada waɗannan hanyoyi a kan Turawa. Haɗewar ƙwayoyin gado ta TMPRSS2-ERG, da aka gano a 2005, tana cikin kusan rabin sankarar Turawa, amma ba ta kai haka ba a baƙar fata. Gwajin da ya dogara da ita zai iya yi wa ɗan Benin kuskure. Na biyu, tsada da ƙarancin na'urori. An ƙirƙiro waɗannan gwaje-gwaje ne don rage gwaji marar amfani a ƙasashe masu arziki, alhali matsalar karkararmu ita ce jinkiri: majinyaci kan zo ne bayan fitsari ya toshe ko ciwo ya shiga ƙashin baya.

Saboda haka aiki na farko shi ne a kai PSA mai rahusa ga cibiyoyin lafiya na ƙauyuka, Jami'ar Parakou kuma ta gwada sabbin hanyoyin a kan mazan yankin. Duk magidancin da ya haura shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, ya je likita ya duba shi tun fitsari bai fara yi masa gardama ba.