Ambaliya a damina, ƙishin kanal a rani

Idan ruwan Agusta ya kwanta a titunan Nassarawa GRA, direbobi su yi ta tsaki, kafin la'asar ya janye an manta. Ɓarnar da ke taɓa tukunyar mazauna unguwar tana can kudu da birni, a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ba ta bayyana sai rani ya tsaya.

Daga gidan gwamnatin da ke Nassarawa GRA Audu Bako ya mulki Kano tsakanin 1967 da 1975, a zamaninsa kuma aka gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Babban kanal ne ke ɗauko ruwanta ya kai Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa. Babu injin da ke tura shi. Gangare ne kawai, ɗan kaɗan, wanda ido ba ya ma gani.

A nan raunin yake. Ambaliya na kwaso rairayi da laka ta jibge a cikin kanal, gangaren ya lalace, ruwa ya rage gudu. Inda ya tsaya kuwa ciyawar kachala ta samu gida, ta yi tsayi ta fi mutum, saiwoyinta su riƙe wata lakar. Wani wurin ruwan sama ne ke bi ta bayan simintin kanal ya rarake ƙasar, simintin ya tsage, gefen kanal ya ɓalle. Kanawa sun ga irin wannan ƙarfi a Agustan 1988, da madatsar Bagauda ta fashe.

Manomin da ke bakin kanal zai samu ruwa ko ta yaya. Na ƙarshen layi ne ke kwana a gona yana jira, ko ya sayi fetur ya tada injin ban-ruwa. Kuɗin nan a kan kwandon tumatir yake hawa, tun daga Kwanar Gafan har kasuwar 'Yankaba.

Shirin ban-ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara sassan kanal ɗin. Amma yashe laka aikin kowace shekara ne, da ke wuyan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin manoma masu shan ruwan. Lokacinsa kuwa da ɗaukewar damina ne, tun kafin a dasa tumatir.