Gidajen da Ke Shawagi a Kan Ruwa: Ayyukan Mary Mattingly

A shekarar 2009 wata Ba'amurkiya mai aikin fasaha, Mary Mattingly, ta mayar da wani faffaɗan jirgin dakon kaya gidan zama a ruwan birnin New York, ta raɗa masa suna Waterpod. Ita da abokan aikinta suka tare a cikinsa kusan wata biyar, jirgin yana ya da zango a gaɓar gundumomi biyar na birnin, jama'a suna shiga suna gani da idonsu. Abin da take son gwadawa shi ne ko gida zai iya riƙe kansa idan sauyin yanayi ya sa teku ya cinye gaɓa.

Komai na jirgin an tsara shi ne yadda zai koma ya sake amfani. Ruwan sama ake tarewa a tankuna a tace a sha, ruwan wanke-wanke kuma a bi da shi ta cikin tsirrai ya tsarkaka kafin a yi ban-ruwa da shi. Wuta daga farantan sola take zuwa. Ga lambun kayan miya, ga akurkin kaji masu ba da ƙwai, ragowar abinci kuma ya zama taki. Rayuwa ce mai cin ƙarfi, domin shuka da kaji ba su san hutu ba, kuma darajar aikin tana nan: mutanen birni da suka saba buɗe famfo kawai sun ga wahalar da ke bayan kowane kofin ruwa.

Bayan guguwar Sandy ta 2012 ta yi wa New York ambaliya, maganar teku ya cinye gaɓa ta daina kama da tatsuniya. A 2014 Mattingly ta kafa WetLand a kogin Delaware da ke Filadelfiya, da siffar gidan birni wanda ya karkace yana nitsewa, alhali a jikinsa akwai lambu da kaji da amyar ƙudan zuma.

Aikinta da ya fi tasiri shi ne Swale na 2016 a New York, lambun itatuwa da ganyayyaki a kan jirgi mai tsawon ƙafa 130. Dokar New York ta hana tsinkar 'ya'yan itace ko ganye a wuraren shaƙatawa na gwamnati, amma hanin bai kai kan ruwa ba. Don haka a lokacin kowa na iya hawa jirgin ya ɗebi abin da yake so kyauta, abin da ke da muhimmanci ga unguwanni irin na kudancin Bronx, inda ɗanyen kayan lambu ke wuyar samu. A 2017 hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin ta amince aka buɗe lambun Bronx River Foodway a filin Concrete Plant Park, inda jirgin ya taɓa tsayawa, kuma a nan an halatta wa jama'a su tsinka su ci.