Sabbin Ma'aikatan Jinya Masu Difloma: Ina Makomarsu a Asibitocinmu?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti, ko ya yi jinyar ɗan'uwansa, ya san cewa likita kan zo ya duba majinyaci ya wuce, amma nas ce ke kwana tare da shi. Ita ke ba da magani a kan lokaci, ta auna jini da zafin jiki, ta wanke ciwo, ta kuma kira likita idan ciwo ya tsananta cikin dare. Wannan ne ya sa iyaye da dama a Birnin Kebbi da Argungu da kewaye ke sha'awar 'ya'yansu su karanta aikin jinya. Sai dai akwai tambayar da suke yawan yi: yaron da ya gama kwalejin jinya ba tare da digiri ba, zai samu aiki a babban asibiti kuwa?

Amsar ita ce zai iya samu, amma akwai abubuwan da ya kamata shi da iyayensa su sani tun da wuri.

Hanyoyin zama nas

A Nijeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda dokar shekarar 1979 ta kafa, ita kaɗai ke da ikon yi wa mutum rajista ta ba shi lasisin aiki. Tsohuwar hanya ita ce shekara uku a makarantar jinya, a ci jarrabawar hukumar, a samu takardar RN. Yawancin manyan nas-nas da ke asibitocinmu ta nan suka biyo. A 'yan shekarun nan an mayar da makarantun zuwa kwalejoji, inda ɗalibi ke shiga ta jarrabawar JAMB, ya yi shekara biyu ya samu ƙaramar difloma, ya ƙara biyu ya samu babbar difloma. Hanya ta uku ita ce jami'a, shekara biyar, sa'annan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirin jinya a ƙasar nan a 1965.

Abin lura ga majinyaci shi ne, da mai difloma da mai digiri duk sai sun ci jarrabawar hukumar kafin su taɓa mara lafiya a matsayin nas. Saboda haka lasisi ne ke ba mutum izinin aiki, ba sunan makarantar da ya fito ba.

Ina guraben aikin suke?

Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, kuma buƙatar ma'aikatan jinya ba ta tsaya a babban birni ba. Akwai asibitin koyarwa na tarayya da aka fi sani da FMC, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, akwai babban asibitin Kalgo, akwai kuma manyan asibitocin Argungu, Jega, Yauri da Zuru, ban da cibiyoyin lafiya a matakin farko da asibitoci masu zaman kansu.

Matsalar ita ce kusan kowane sabon nas idonsa na kan asibitin tarayya, domin albashinsa ya fi tsoka. Amma asibitin tarayya ba ya ɗaukar ma'aikata sai da amincewar Abuja, kuma dole a raba guraben bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi. Don haka mutum na iya shafe shekaru yana jira, alhali ga asibitin ƙaramar hukumarsa babu isassun hannuwa. Wanda ya karɓi aiki a karkara yakan ga haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ga yara, da raunukan haɗarin babur, ya kuma koyi yanke shawara da sauri. Ranar da aka buɗe gurbi a babban asibiti, wannan gogewa ita za ta yi masa magana a gaban masu tantancewa.

Har ila yau, ficewar ma'aikata zuwa ƙasashen waje ta bar giɓi babba. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta bayyana cewa sama da ma'aikatan jinya 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa ana buƙatar aƙalla likitoci da nas-nas da ungozomomi 44.5 ga kowane mutum 10,000. Ke nan aiki na nan, sai dai ba lallai ya kasance a inda mutum ya fi so ba.

Inda digiri ke da tasiri

Bambancin yana fitowa ne a matakin albashi da ƙarin girma. A tsarin aikin gwamnati mai digiri kan fara a mataki sama da mai takardar RN kaɗai, kuma muƙaman darakta a sashen jinya na masu digiri ne. Wannan ba a Nijeriya kaɗai ba ne. Ingila ta wajabta digiri ga sabbin nas-nas tun 2013. A Amurka, inda ake da karatun jinya na shekara biyu, jihar New York ta yi doka a 2017 cewa sabon nas ya samu digiri cikin shekara goma da karɓar lasisinsa.

Alhamdu lillahi, ƙofar ƙarin karatu a buɗe take. Mai takardar RN na iya neman shiga jami'a kai tsaye, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ya yi digirin a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa yana ci gaba da aikinsa. Akwai kuma kwasa-kwasan ƙwarewa: jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a asibitin Kware. Nas ɗin da ta haɗa RN da takardar ungozoma kuwa, da wuya ta daɗe a gida, domin mata da yawa a yankinmu sun fi sakewa da mace a ɗakin haihuwa.

Shawara ga sabbin ma'aikata da iyayensu

Na farko, kafin a biya kuɗin makaranta a tabbatar hukumar ta amince da ita, domin takardar makarantar da ba ta da izini ba ta kai mutum ko'ina. Na biyu, da zarar sakamako ya fito a hanzarta karɓar lasisi, a kuma riƙa sabunta shi a kan lokaci. Na uku, kada a ba kowa kuɗi da sunan zai samo takardar ɗaukar aiki. Iyalai da dama sun sayar da shinkafarsu da dabbobinsu a kan haka, ƙarshe takardar ta zama ta bogi. Na huɗu, a karɓi aikin da ya samu ko da a ƙauye ne, a kuma sa ranar komawa karatu tun daga albashin farko.

Ga majinyata kuwa, idan kuka ga sabuwar nas a bakin gadonku, ku sani ta ci jarrabawa irin wadda na gaba da ita suka ci, kuma tana aiki ne a ƙarƙashin kulawar manyanta. Ku ba ta haɗin kai, ku tambaye ta abin da ba ku gane ba game da maganinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma yi wa ma'aikatanmu jagora.